Tharparkar: Gundumar Hamada a Pakistan, Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

A kusurwar kudu maso gabashin Pakistan, inda jahar Sindh ta yi iyaka da ƙasar Indiya, akwai wata gunduma mai suna Tharparkar. Ƙasar rairayi ce, ruwan sama ba ya wuce wata uku a shekara, abincin mutanenta gero ne, dukiyarsu kuma dabbobi. Ita ce gunduma mafi faɗi a jahar Sindh, tana kuma cikin mafiya talauci a Pakistan baki ɗaya. Amma a ƙarƙashin rairayin nan gawayin ƙasa ne jibge, wanda tun shekara ta 2019 ake tonowa ana ba manyan birane wutar lantarki da shi. Wanda ke son ya gane yadda arziki da ƙishirwa suka haɗu wuri guda, sai ya duba tarihin gundumar, da yadda ake mulkinta, da kuma su wane ne mazaunanta.

Ƙasar da yanayinta

Faɗin Tharparkar murabba'in kilomita 19,638 ne, wato ya ɗan gaza rabin faɗin jahar Maradi. Daga gabas tana maƙwabtaka da jahar Rajasthan ta Indiya, daga kudu kuma da wata makekiyar fadamar gishiri da ake kira Rann na Kutch. Daga arewa da yamma akwai gundumomin Umerkot, Mirpurkhas da Badin, waɗanda ke samun ruwan noman rani daga kogin Indus. Babban birnin gundumar shi ne Mithi.

Sunan kansa haɗin wurare biyu ne. Thar ita ce hamadar mai jerin tuddan rairayi, ita ce kuma mafi yawan ƙasar. Parkar wani ɗan yanki ne a can kudu maso gabas, kewaye da garin Nagarparkar, inda duwatsun Karoonjhar suka miƙe, tsayinsu ya kai kimanin mita 300. A nan ƙasa ta fi ƙarfi, ruwa kuma ya fi sauka.

Babu kogin da ke gudana a gundumar rani da damina. In ban da ɗan gefen yamma da magudanan ruwa suka taɓa, noma duka na damina ne. Ruwa na sauka tsakanin Yuli da Satumba, a galibin wurare kuma ba ya wuce milimita 300 a shekara. Shekarar da damina ta yi kyau, hamadar takan koma shar da ciyawa, ɗawisu na yawo a bakin ƙauyuka, har mutanen Karachi su riƙa zuwa kallo. Shekarar da ta ƙi kuwa, rijiyoyi su ja baya, dabbobi su rame, magidanta su kora garke zuwa yankunan noman rani domin girbin alkama, tsinkar auduga da saran rake. Wannan cin rani ya daɗe a rayuwar mutanen Thar.

Babban abin nomansu gero ne, sai riɗi, kankana da wani irin wake da suke kira guwar. Geron nan ba baƙo ba ne ga mai karatu, domin binciken masana ya nuna cewa a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma shi, daga baya ya isa ƙasashen Indiya, kimanin shekaru 4,000 da suka wuce. Su kan niƙa shi su gasa gurasa, su ci da nono ko ganye.

Daga sarakunan Sodha zuwa mulkin Ingila

Kafin zuwan Turawa, ikon hamadar yana hannun sarakunan gargajiya, musamman zuriyar Sodha, mabiya addinin Hindu, masu sarautar Rana. Su kan yi mubaya'a ga duk daular da ke da ƙarfi a kwarin Indus, daga Soomra zuwa Samma, har zuwa Mughal. A garin Umerkot, wanda a da yake cikin wannan ƙasa, aka haifi sarki Akbar na daular Mughal a shekara ta 1542, lokacin da mahaifinsa Humayun ke gudun hijira, wani sarkin Sodha ya ba shi masauki.

Parkar kuma ta taɓa zama matattarar fatake mabiya addinin Jain. Gidajen ibadarsu na dutse suna nan har yau, irin su na Gori, ko da yake masu ibadar sun ƙaura tuntuni. Kusa da su akwai tsohon masallacin Bhodesar. A shekara ta 2016 Pakistan ta saka yankin Nagarparkar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

A hamadar nan ne kuma labarin Marvi ya samo asali, wata budurwar ƙauye da sarki Umar ya ɗauke ya tsare a fadarsa ta Umerkot, ta ƙi zinariya da alharini, ta dage sai an mayar da ita wurin danginta makiyaya. Babban mawaƙin Sufaye na Sindh, Shah Abdul Latif Bhittai, wanda ya rayu daga 1689 zuwa 1752, ya saka labarin cikin diwaninsa, shi ya sa har gobe sunan Marvi ke nufin kishin ƙasar haihuwa a wurin masu jin harshen Sindhi. Ana ziyartar rijiyar da ake dangantawa da ita a ƙauyen Bhalwa.

A ƙarshen ƙarni na 18 sarakunan Talpur suka karɓi mulkin Sindh, suka gina ganuwoyi a bakin hamada da cikinta, ciki har da ta Naukot wadda ke tsaye har yanzu. A shekara ta 1843 sojojin Ingila, ƙarƙashin Janar Charles Napier, suka ci Talpur da yaƙi a Miani. Da farko Turawan sun danƙa hamadar ga wakilinsu da ke Kutch, daga baya suka mayar da ita ƙarƙashin Sindh. A ƙarshen shekarun 1850 mutanen Parkar suka yi bore, Turawa suka murƙushe shi, suka rataye ɗaya daga cikin jagororinsa, Rooplo Kolhi, wanda ake tunawa da shi a matsayin gwarzo har yau.

A shekara ta 1882 aka kafa gunduma mai suna Thar da Parkar, hedikwatarta a Umerkot. A 1906 aka ɗauke hedikwatar zuwa Mirpurkhas, garin noman rani da jirgin ƙasa, can wajen hamada. Daga nan aka riƙa mulkin mutanen Thar har tsawon shekaru 84. Mutumin Nagarparkar da ke da ƙara a kotu ko buƙata a ofis sai ya yi kwanaki a bisa raƙumi. Tsakanin nan an yi babbar yunwar 1899 zuwa 1900, wadda ta kashe mutane da dabbobi masu ɗimbin yawa a duk faɗin hamadar.

Iyakar da ta raba dangi

Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, Sindh gaba ɗaya ta faɗa ɓangaren Pakistan. Sabuwar iyaka ta ratsa tsakiyar hamada, ta raba dangi, ta toshe hanyoyin kiwo da na fatauci zuwa Rajasthan da Gujarat. Duk da haka, yawancin ƴan Hindu na Thar ba su tashi ba a lokacin, saɓanin na biranen Sindh.

Yaƙe-yaƙe ne suka canza lissafin. A watan Afrilun 1965 sojojin ƙasashen biyu suka gwabza a Rann na Kutch, sai a 1968 wata kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa ta shata iyakar. A yaƙin Disamban 1971 sojojin Indiya suka mamaye wani babban sashe na Thar, har da garin Chachro, ba su janye ba sai bayan yarjejeniyar Simla ta 1972. Da za su tafi, dubun-dubatar ƴan Hindu suka bi su, galibi masu filaye da ƴan kasuwa. Waɗanda suka rage mafi yawansu talakawa ne, manoma da ƴan ƙodago. Tun daga lokacin hukumomi ke kallon yankin da idon tsaro, abin da ya daɗa jinkirta hanyoyi da sauran ayyukan raya ƙasa.

Yadda ake mulkin gundumar a yau

A shekara ta 1990 ne aka raba tsohuwar gundumar, ɓangaren hamada ya tsaya da ƙafarsa, Mithi ta zama hedikwata. A 1993 Umerkot ma ta zama gunduma mai zaman kanta.

Pakistan tarayya ce. Ƙarƙashin gwamnatin tsakiya da ke Islamabad akwai jahohi huɗu, kowace da majalisarta da shugaban gwamnatinta. Hedikwatar jahar Sindh ita ce Karachi. An kasa jahar zuwa manyan sassa, Tharparkar tana cikin sashen Mirpurkhas. Shugaban gunduma, wanda muƙaminsa ya yi kama da na prefe a Nijar, ma'aikacin gwamnati ne da ake naɗowa, ba zaɓensa ake yi ba. Shi ke kula da harajin ƙasa, da rajistar filaye, da rabon agaji lokacin fari. Ƴan sanda suna da nasu shugaban dabam.

An raba gundumar zuwa ƙananan yankuna bakwai da ake kira taluka: Mithi, Diplo, Kaloi, Islamkot, Chachro, Dahli da Nagarparkar. A kowace taluka akwai jami'in filaye da haraji mai suna mukhtiarkar, ƙarƙashinsa akwai tapedar, wanda ke riƙe da littafin gonakin wasu ƙauyuka. Wannan tsari gado ne daga zamanin Turawa, kuma ga baƙauye tapedar shi ne fuskar hukuma, tunda a littafinsa ake sanin gonar wane ce wannan.

Gefe guda akwai zaɓaɓɓun majalisu: majalisar gunduma, majalisun garuruwa da na ƙungiyoyin ƙauyuka, bisa dokar ƙananan hukumomin Sindh ta 2013. Sai dai kuɗi da manyan shawarwari suna Karachi. Gyaran tsarin mulki na 18, wanda aka yi a 2010, ya mayar da harkokin lafiya da ilimi hannun jahohi, don haka gwamnatin Sindh ce ke da alhakin asibitin Mithi da makarantun ƙauyuka.

Gundumar tana da kujeru biyu a majalisar dokokin tarayya, da huɗu a majalisar jaha. Jam'iyyar PPP ta iyalan Bhutto ce ke da rinjaye, babbar abokiyar hamayyarta kuma ita ce gidan Arbab, wanda ɗansa Arbab Ghulam Rahim ya shugabanci gwamnatin Sindh daga 2004 zuwa 2007. A zaɓen 2018 Mahesh Kumar Malani ya ci kujerar majalisar tarayya daga Tharparkar, ya zama ɗan Hindu na farko da ya ci irin wannan kujera ta gama-gari, ba wadda aka keɓe wa tsiraru ba. A shekarar ce kuma Krishna Kumari Kohli, ƴar Nagarparkar, daga dangin da aka daɗe ana rainawa, ta shiga majalisar dattawa.

Yawan jama'a, harshe da addini

Ƙidayar 1998 ta sami mutane kimanin 914,000 a gundumar. A 2017 adadin ya kai kusan miliyan 1.65, a 2023 kuma kusan miliyan 1.78. Ke nan cikin shekaru 25 jama'a ta kusa ninkawa biyu, alhali ruwan sama da filin kiwo ba su ƙaru ba. Sama da kashi 90 cikin 100 a karkara suke zaune, a ƙauyuka masu nisa da juna, cikin zagayayyun ɗakunan ƙasa masu jinka da suke kira chaunra. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya iya karatu da rubutu, a wajen mata kuma abin ya fi haka ƙasa sosai.

A takardun ƙidaya kusan kowa ya ce Sindhi ne harshensa. Sindhi shi ne harshen hukuma a jahar, ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci da aka ƙara wa wasu har suka kai 52, da shi ake koyarwa a makarantun firamare. Amma a cikin gida da kasuwa mutane da yawa Dhatki suke yi, wanda ake kuma kira Thari, mai kusanci da harsunan Rajasthan. A Parkar kuma akwai Parkari, mai kusanci da harshen Gujarat. Yaron ƙauye kan shiga aji ya tarar da Sindhi a littafi, sannan Urdu da Ingilishi na jiransa a gaba.

Ta fuskar addini, ƙidayar 2017 ta nuna kimanin kashi 56 cikin 100 Musulmi ne, kashi 43 kuma ƴan Hindu. Babu gundumar da ta kai Tharparkar yawan ƴan Hindu a Pakistan, ko da yake a maƙwabciyarta Umerkot ne suka fi Musulmi yawa. Mafi yawansu daga dangogin Meghwar, Bheel da Kolhi suke, waɗanda tsarin fifikon dangi na Hindu ya ajiye a ƙasa, su ne kuma suka fi rashin filaye.

Garin Mithi ya yi suna wajen zaman lafiya. Musulminsa kan guji yanka saniya don girmama maƙwabtansu, ƴan Hindu kuma kan guji cin abinci a bainar jama'a a watan azumi, kowa na zuwa bikin kowa. Amma ba a rasa damuwa ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha kokawa kan ƙananan ƴan matan Hindu da ake ɗaukewa a aurar bayan an ce sun canza addini. Majalisar Sindh ta zartar da dokar hana tilasta canza addini a 2016, amma ba a sa mata hannu ba bayan adawar wasu jam'iyyun addini. Dokar jahar da ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba ita ce tana aiki.

Fari da mutuwar yara

A watan Maris na 2014 sunan Tharparkar ya cika kafofin labarai na Pakistan, bayan rahotannin mutuwar yara sama da ɗari cikin ƴan watanni. Firaminista Nawaz Sharif ya je Mithi, kotun ƙoli ta buƙaci bayani. Abin da ya fito fili shi ne ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ya yi kisan ba. Akwai buhunan alkamar agaji da suka daɗe a rumbunan gwamnati ba a raba ba, akwai guraben likitoci da babu kowa a kansu, ga uwaye masu fama da ƙarancin jini da auren wuri, ga nisan hanya zuwa asibiti. A 2018 gwamnatin Sindh ta sake ayyana fari a yankin.

Matsalar da ta fi kowace daɗewa ita ce ruwan sha. Rijiyoyi suna da zurfi ƙwarai, wasu sai da raƙumi ko jaki ake jan guga, ruwan da yawa daga cikinsu kuma yana da zartsi. A wasu ƙauyuka yana ɗauke da sinadarin da ke lalata haƙora ya tanƙware ƙashi. Mata da ƴan mata ne ke cin tafiyar awoyi da tuluna a ka. Bayan 2014 gwamnatin jaha ta kafa ɗaruruwan injinan tace ruwan gishiri masu aiki da hasken rana, sai dai da yawa sun tsaya saboda rashin gyara da rashin biyan ma'aikata.

Gawayin ƙasa: wa ya ci, wa ya rasa

A farkon shekarun 1990 masu binciken ƙasa na Pakistan, tare da taimakon Amurka, suka gano gawayi a ƙarƙashin Thar, wanda aka ƙiyasta ya kai tan biliyan 175, a fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita 9,000. Nau'in da ake kira lignit ne, mai danshi da yawa, wanda ɗaukarsa zuwa nesa ke da tsada, shi ya sa aka gina tashoshin wuta a bakin ramin.

Aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa, sai da kuɗin ƙasar Sin suka shigo ta hanyar shirin haɗin gwiwar tattalin arziki na CPEC. Kamfanin haƙar, wanda gwamnatin Sindh ta haɗa hannu da kamfanin Engro da wasu suka kafa, ya buɗe rami kusa da Islamkot. A watan Yulin 2019 tashar farko mai ƙarfin megawat 660 ta fara aiki. A 2023 wata mai megawat 1,320 ta kamfanin Shanghai Electric ta biyo baya. Ga ƙasar da ke kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai da gas, wannan wuta tana cikin mafiya araha.

Gundumar ta ga canji. An shimfiɗa kwalta, an buɗe filin jirgin sama kusa da Islamkot a 2018, an gina makarantu da asibiti, matasa sun sami aiki, har wasu matan Thar suka koyi tuƙa manyan motocin kwasar ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba a yankin.

Amma akwai masu cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An tashi ƙauyen Senhri Dars daga mazauninsa. An biya diyyar gonakin da ke da takarda, sai dai makiyayar gama-gari, wadda marasa fili suka dogara da ita, ba ta da takardar kowa. Kafin a kai ga gawayin sai an zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan gishiri ne kuma, ana tura shi wani tafki da aka tanada a Gorano. Mutanen wurin sun fara zaman dirshan a Islamkot a 2016, suka shafe fiye da shekara guda, suna tsoron kada ya gurɓata rijiyoyinsu da gonakinsu. Kuɗin haƙƙin ma'adini asusun gwamnatin jaha suke shiga, kuma har yanzu akwai ƙauyuka da dama da manyan wayoyin wuta ke wucewa ta kansu alhali da fitila suke kwana.

Haka rikicin yake a duwatsun Karoonjhar, inda ƴan kasuwa ke kwaɗayin fasa dutse, mazauna kuma ke cewa duwatsun ne ke tara musu ruwan damina, a nan kuma wuraren ibadarsu suke. A 2023 babbar kotun Sindh ta yanke hukuncin kare su daga masu haƙa.

Abin da ke gaba

Ana aikin shimfiɗa layin dogo da zai haɗa ramukan gawayin da babbar hanyar jirgin ƙasa a Chhor, domin kai shi tashoshin wuta da masana'antun siminti a sauran sassan Pakistan. In ya kammala, haƙa za ta ƙaru, za a buƙaci ƙarin fili da ƙarin ruwa, wasu ƙauyukan kuma za su tashi. Ƴan rajin kare haƙƙin yankin suna neman abubuwa uku: a ware wa gundumar wani tsayayyen kaso daga kuɗin ma'adinin, a yi wa makiyayar gama-gari rajista kafin a ba kamfanoni, a kuma kai ruwan kogin Indus ta bututu har cikin ƙauyuka, ba wuraren aikin gawayi da manyan garuruwa kaɗai ba. Amsar waɗannan buƙatu tana hannun gwamnatin jaha da ke Karachi, mai nisan kusan kilomita 300 daga Mithi, yayin da mutane kusan miliyan biyu ke ci gaba da duban sama duk watan Yuli.